TARIHIN MARIGAYIYA PATSY CLINE DA FAIFANTA MAI WAƘA 12

Gabatarwa

Duk wanda ya taso a Nijeriya, musamman mu da muka fito daga kudanci da tsakiyar ƙasar nan, da wuya a ce bai taɓa jin waƙoƙin kantiri ba. Su ne waƙoƙin nan masu sanyi na mutanen karkarar Amurka, waɗanda ake ji a gidajen rediyo, da motocin haya masu dogon zango, da shagunan aski. Sunayen Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton ba baƙi ba ne a kunnuwan iyayenmu. Abin da na lura da shi kuwa shi ne, yawancin kaset ɗin da ke gidajenmu ba faya-fayan asali ba ne waɗanda mawaƙan suka fitar ɗaya bayan ɗaya. An tsamo waƙoƙin da suka fi fice ne aka tara su wuri guda. Irin wannan faifai shi Turawa ke kira Greatest Hits, mu kuwa sai mu ce faifan zaɓaɓɓun waƙoƙi.

Mawaƙa mata da dama sun yi fice da irin wannan faifai. Madonna ta fitar da nata a 1990, Celine Dion a 1999, Whitney Houston a 2000. Duk waɗannan da ransu aka yi, har suka ƙara sababbin waƙoƙi a ciki. Amma wadda na zaɓa in kawo wa mai karatu tarihinta, nata ya sha bamban. Shekara huɗu bayan an binne ta aka haɗa faifan, ba ta zaɓi ko waƙa ɗaya a ciki ba, kuma shi ne ya riƙe sunanta har yau. Ita ce Patsy Cline. Manufata ita ce mu ga wace ce wannan mata, me faifan ya adana mana daga rayuwarta, me kuma ya bari a baya.

Asalinta da Ƙuruciyarta

An haife ta ranar 8 ga Satumba, 1932, a garin Wincesta da ke jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka. Sunanta na yanka Virginia Patterson Hensley. Mahaifinta, Samuel Hensley, maƙeri ne, mahaifiyarta Hilda kuwa maɗinkiya ce, kuma shekararta 16 kacal lokacin da ta haife ta. Saboda wannan ƙarancin tazara, uwa da 'ya suka tashi tamkar ya da ƙanwa, kuma wannan shaƙuwa ba ta yanke ba har mutuwa ta raba.

Lokacin haihuwarta ya zo daidai da shekarun karayar tattalin arzikin Amurka. Iyalin sun yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, duk inda mahaifin ya sami aiki nan za a yada zango. Tana da shekara 13 ta kamu da ciwon maƙogwaro mai tsanani haɗe da wani zazzaɓi mai kama gaɓoɓi da zuciya, har aka kwantar da ita a asibiti. Ita da kanta ta riƙa danganta ƙarfin muryarta da wannan rashin lafiya. A 1947 mahaifinta ya bar gida, ya bar Hilda da 'ya'ya uku. Dole ta sa Patsy ta bar makarantar sakandare don ta taimaka wa uwarta. Ta yi aiki a wurin fiɗar kaji, ta kuma yi a wani kantin magani inda take sayar da kayan sanyi.

Duk da haka ba ta saki waƙa ba. Ba ta je makarantar koyon kiɗa ba, da kunne ta koyi kaɗa fiyano. Tun tana 'yar budurwa ta kai kanta gidan rediyon garinsu mai suna WINC, ta nemi a ba ta dama, aka kuwa ba ta. A 1948 ta tafi Nashbil ta jihar Tenesi, wato cibiyar waƙoƙin kantiri, don a gwada muryarta a Grand Ole Opry. Wannan wani daɗaɗɗen shirin rediyo ne da aka fara tun 1925, wanda duk mawaƙin kantiri ke burin hawa dandalinsa. Da ita da uwarta da ƙannenta suka yi tafiyar dare a mota, da yake ba su da kuɗin masauki sai suka rintsa a wani wurin shaƙatawa. Ta yi waƙar, amma ba a kira ta ba. Ta komo gida ta ci gaba da aikin kanti.

Shigarta Harkar Waƙa

A 1952 ta shiga ƙungiyar wani makaɗi mai suna Bill Peer, suna zagaya gidajen rawa na yankinsu. Shi ne ya ba ta shawarar ta ɗauki sunan Patsy, daga sunanta na tsakiya, wato Patterson. A watan Maris na 1953 ta auri Gerald Cline, daga nan sunan Patsy Cline ya cika. Auren bai yi ƙarko ba, domin shi matar gida yake so, ita kuwa dandali take hange. Sun rabu a 1957, amma sunan ya zauna.

Ya kamata mai karatu ya san irin mawaƙiyar da take a wannan lokaci, domin zai yi mana amfani nan gaba. Tana son waƙoƙi masu sauri da ɗaga murya, da salon nan na karya murya irin na makiyayan Amurka. Tufafinta ma na makiyaya ne masu geza, da hula mai faɗi da takalma sau-ciki dogaye, kuma mahaifiyarta ce ke ɗinka mata kayan a kekenta.

Yarjejeniyar da ta Ɗaure ta

A watan Satumba na 1954 ta sa hannu a yarjejeniya da wani kamfanin faya-fayai mai suna Four Star, wanda Bill McCall ke shugabanta. Yarinya ce 'yar shekara 22 mai ɗokin ganin sunanta a jikin faifai. Sharuɗɗan kuwa masu tsauri ne. Kason da za ta samu daga ciniki bai kai kashi 3 cikin 100 ba, kuma daga ciki ake cire kuɗin ɗaukar waƙa. Mafi muni shi ne, ba ta da ikon rera wata waƙa sai wadda haƙƙin mallakarta ke hannun kamfanin. Ke nan ko waƙar ta yi kasuwa ko ba ta yi ba, mai kamfani bai yi asara ba. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta rera waƙoƙi 51 a ƙarƙashin wannan yarjejeniya, amma faifai ɗaya tak ne ya yi kasuwa a cikinsu. Alherin da ya fito daga ciki shi ne, Four Star ya miƙa aikin ɗaukar waƙoƙin ga kamfanin Decca, ta haka ta haɗu da Owen Bradley, gwanin tsara sauti wanda daga baya ya sauya rayuwarta.

Daren da ta Yi Suna

Ranar 21 ga Janairu, 1957, ta fito a wata gasar talabijin ta Arthur Godfrey a birnin Niyok, wadda ake kallo a duk faɗin Amurka. Masu shirin suka hana ta sa kayan makiyaya, suka ce ta sa doguwar riga irin ta matan birni. Suka kuma zaɓa mata waƙar Walkin' After Midnight, wadda ita tun farko ba ta kwanta mata a rai ba. Da ta rera, tafin 'yan kallo ya kai na'urar awon tafi maƙura, ta lashe gasar. Nan da nan aka fitar da faifan, ya kai mataki na 2 a jerin waƙoƙin kantiri da suka fi tashe, da mataki na 12 a jerin waƙoƙin gama-gari.

Sai dai wannan haske bai daɗe ba. Yarjejeniyar nan tana nan daram, waƙoƙin da ake ba ta kuma ba su dace da muryarta ba. Kusan shekara huɗu ta yi ba ta sake samun waƙar da ta yi tashe ba. A cikin wannan tsakani ta auri Charlie Dick, ma'aikacin ɗab'i a wata jaridar garinsu, a watan Satumba na 1957. Ta haifi 'ya mace a 1958, sannan suka ƙaura zuwa Nashbil, suna fama da kuɗin haya kamar kowane talaka. A watan Janairu na 1960 aka karɓe ta a matsayin cikakkiyar 'yar Grand Ole Opry, wato shekara 12 bayan zuwanta na farko. Mahaƙurci mawadaci.

Lokacin da Kakarta ta Yanke Saƙa

A 1960 yarjejeniyar Four Star ta ƙare, ta koma Decca kai tsaye. Yanzu Owen Bradley ya sami 'yancin zaɓa mata waƙa daga hannun kowane marubuci. Shi ya riga ya fahimci cewa arzikin muryarta yana cikin waƙoƙi masu tafiya a hankali ne, inda za ta ja kalma, ta sassauta, ta sake ɗagawa. Sai ya rage kayan kiɗan karkara, ya kawo fiyano, daga baya ya ƙara da tarin goge irin na Turawa, ya kuma sa wasu maza huɗu da ake kira Jordanaires su riƙa yi mata amshi. Ita ba ta so haka ba. Tana tsoron kada 'yan amshin su danne mata murya, kuma tana ganin ana raba ta da kantirin da ta sani. Sun sha yin ja-in-ja a ɗakin ɗaukar waƙa.

A watan Nuwamba na 1960, tana ɗauke da tsohon ciki, ta rera I Fall to Pieces, wadda Hank Cochran da Harlan Howard suka rubuta. Waƙar ta fito a Janairun 1961, watan da ta haifi ɗanta namiji. Tana cikin hawa a hankali sai ga tsautsayi. Ranar 14 ga Yuni, 1961, motar da take ciki tare da ƙanenta ta yi taho-mu-gama da wata mota a Nashbil. Ta bugi gilashin gaba, goshinta ya tsage, wuyan hannunta ya karye, ƙugunta ya goce. Mutum biyu daga cikin waɗanda ke ɗaya motar suka mutu. Ta yi kimanin wata guda a asibiti, kuma tabon goshin ya zauna, har ta riƙa rufe shi da gashi da kwalliya. A watan Agusta waƙar ta kai mataki na 1 a jerin kantiri.

A cikin wannan wata ne, tana dogara sandar guragu, ta koma ɗakin ɗaukar waƙa don rera Crazy, wadda wani matashin marubuci da ba a san shi ba sosai a lokacin, Willie Nelson, ya rubuta. Ita ma wannan ba ta so ta ba da farko. Ga shi kuma haƙarƙarinta na ciwo, ta kasa kai muryarta sama. Makaɗa suka ɗauki kiɗan suka ajiye, daga baya ta dawo ta ɗora muryarta a tashi ɗaya. Waƙar ta kai mataki na 2 a jerin kantiri da na 9 a jerin gama-gari, kuma ita ce aka fi saninta da ita a yau. A 1962 She's Got You ta sake kai ta mataki na 1.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. Ta yi wasa a zauren Carnegie na Niyok a Nuwamban 1961 tare da sauran taurarin Opry, ta yi a Hollywood Bowl a 1962, a ƙarshen shekarar kuma ta yi kwana 35 tana wasa a Las Begas. Ta sayi gidan kanta a Nashbil, abin da ta daɗe tana buri.

Halayenta

Waɗanda suka zauna da ita sun bayyana ta a matsayin mace mai baki, mai raha, wadda ba ta ɗaukar raini. Harkar waƙa a lokacin ta maza ce, kuma masu shirya wasa sukan cinye kuɗin mawaƙa. Patsy ta yi suna wajen ƙin hawa dandali sai an damƙa mata kuɗinta a hannu. Tana sa wando da jan baki mai haske a lokacin da ake ganin hakan bai dace da mawaƙiyar kantiri ba.

Tana kuma da hannun kyauta, musamman ga mata masu tasowa. Lokacin da take kwance a asibiti, wata sabuwar mawaƙiya mai suna Loretta Lynn ta rera waƙarta a rediyo don yi mata jaje. Patsy ta ji, ta aiki mijinta ya zo da ita. Daga nan suka ƙulla ƙawance, ta riƙa ba ta tufafi da shawarwari. Da Loretta ta haifi tagwaye a 1964, sai ta sa wa ɗaya sunan Patsy.

Rasuwarta

A farkon Fabrairun 1963 ta shiga ɗakin ɗaukar waƙa karo na ƙarshe, inda ta rera Sweet Dreams da Faded Love da wasu. Ranar 3 ga Maris ta yi wasa a birnin Kansas, a wani taro mai kama da ajo, don tara kuɗi ga iyalin wani ma'aikacin rediyo, Jack Call, da ya mutu a haɗarin mota. Hazo ya hana su tashi washegari. Ƙawarta Dottie West ta yi mata tayin su koma tare a mota, amma ta zaɓi jirgi don ta isa wurin 'ya'yanta da wuri.

Ranar 5 ga Maris suka tashi a wani ƙaramin jirgi wanda manajanta, Randy Hughes, ke tuƙawa. Tare da su akwai mawaƙa biyu, Cowboy Copas da Hawkshaw Hawkins. Sun sauka a wani gari a Tenesi don shan mai, aka gargaɗe su cewa yanayi ba kyau, su kwana. Matuƙin bai ƙware wajen tuƙi da na'ura kaɗai ba idan gari ya rufe, amma ya ga gida ya kusa, suka tashi. Da magariba jirgin ya faɗi a wani daji kusa da garin Kamden, kimanin mil 90 daga Nashbil. Ba wanda ya tsira. Shekararta 30, ta bar 'ya'ya biyu ƙanana. An binne ta a Wincesta. Abin al'ajabi, Jim Reeves da iyayenmu ke so, shi ma haɗarin ƙaramin jirgi ne ya yi ajalinsa kusa da Nashbil a watan Yuli na 1964.

Faifan 1967

A rayuwarta manyan faya-fayai uku kaɗai ta fitar, a 1957 da 1961 da 1962. Mawaƙin da ya mutu da ƙuruciya da ɗan abin da ya bari kamar haka, mantawa da shi ba ta da wuya, balle ga shi a 1964 guguwar mawaƙan Ingila irin su Beatles ta mamaye Amurka.

A watan Maris na 1967 Decca ya fitar da Patsy Cline's Greatest Hits. Waƙa 12 ne a ciki, tsawonsu duka minti talatin da 'yan kai. Da farko bai yi wata rawar gani ba, mataki na 17 ya tsaya a jerin faya-fayan kantiri. Amma sai ya zama kamar ruwan da ke cin ƙasa sannu a hankali. A 1973 aka sake buga shi, kuma a shekarar ne aka sa sunanta a zauren karrama gwanayen kantiri, ita ce mace ta farko mai waƙa ita kaɗai da ta sami wannan matsayi. A 1980 aka yi fim ɗin rayuwar Loretta Lynn, Coal Miner's Daughter, inda Beverly D'Angelo ta fito a matsayin Patsy. A 1985 aka yi nata fim ɗin, Sweet Dreams, Jessica Lange ta fito a matsayinta. Duk wanda ya fito daga silima yana son jin muryar asali, faifan da zai tarar a kanti shi ne wannan. A 1988 aka mayar da shi faifan CD. Ya daɗe yana riƙe da kambun faifan mawaƙiyar kantiri da aka fi saya, kafin Shania Twain ta karɓe a shekarun 1990. A 2005 ƙungiyar kamfanonin faya-fayai ta Amurka ta tabbatar da cewa an sayar da kwafi miliyan 10, kuma kundin bajinta na Guinness ya sa shi a shafinsa saboda ya yi sama da mako 700 a jerin faya-fayai.

Abin da Ya Adana da Abin da Ya Bari

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Na bi kwanakin da aka ɗauki waƙoƙin nan 12, sai na ga dukkansu sun faɗo ne tsakanin Nuwamban 1960 da Fabrairun 1963, wato ƙasa da shekara biyu da rabi. Ko Walkin' After Midnight da ke ciki ba ta 1957 ba ce, wadda ta sake rerawa a 1961 ce. Ke nan shekarun Four Star da waƙoƙinsu 51 babu ko ɗaya a faifan. Kusan duk waƙoƙin da aka zaɓa na begen masoyi ne da rabuwa da ɓacin rai. Wanda ya san ta ta wannan faifai kaɗai zai zaci mace ce mai sanyi, mai yawan kuka. Alhali kuwa mun ga mace ce mai faɗa a ji, mai son waƙar sauri, wadda ta yi gardama kafin ta yarda ta rera manyan waƙoƙinta uku.

A ganina wannan ita ce ɗabi'ar kowane faifan zaɓaɓɓun waƙoƙi. Kamar rariya yake: yana fitar da lallausan gari, amma tsakin da ya rage shi ma daga hatsin yake. Kuma mai riƙe da rariyar a nan kamfani ne mai neman ciniki. Duk da haka ba zan ce an zalunce ta ba, domin waƙoƙin da aka zaɓa su ne waɗanda muryarta ta fi nuna kanta a cikinsu, kuma su ne suka ci gaba da kawo wa magadanta kuɗin da ita ba ta daɗe tana mora ba. Ba don wannan faifai ba, da wataƙila sai masu bincike kaɗai ne za su san sunanta. Shi ne kuma ya sa mutane suka koma neman sauran, har a 2025 aka fitar da wani kundi na waƙoƙin da ta rera a rediyo da talabijin waɗanda ba a taɓa bugawa ba.

Kammalawa

A wannan ɗan rubutu na kawo tarihin Patsy Cline tun daga haihuwarta a 1932 har zuwa rasuwarta a 1963, da yadda faifai guda ya ɗauki sunanta ya tsallaka da shi zuwa zamaninmu. Ƙasarta ta sa hotonta a kan sarki a 1993, aka ba ta lambar Grammy ta karrama aikin rayuwa a 1995, kuma ɗan gidan da ta zauna da mahaifiyarta a Wincesta ya zama gidan tarihi tun 2011.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, wanda bai taɓa jin muryarta ba ya fara da wannan faifai, minti talatin ba zai hana shi karatu ba. Amma idan ya gama, kada ya ce ya san Patsy Cline. Ya nemi waƙoƙinta na farko, ya ji yarinyar nan mai kayan geza da uwarta ta ɗinka mata. Haka kuma duk lokacin da muka ɗauki faifan zaɓaɓɓun waƙoƙin wata mawaƙiya, mu tambayi kanmu wa ya yi zaɓen, kuma me ya bari.